Lissafin da Ake Iya Bin Sawunsa: Makro da Fomula a Jadawalin Excel

A makon ƙarshe na kowane zangon karatu, aiki ɗaya ne yake haɗa makarantun sakandare daga Kankiya zuwa Rimaye da Kafin Soli, daga Kusada zuwa Yashe da Mawashi, wato haɗa sakamakon jarrabawa. Malamin kowane darasi ya miƙa makinsa, malamin aji ya tattara, a haɗa makin gwaji da na jarrabawa, a fitar da jimilla da daraja, sannan a jera ɗalibai a san wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na arba'in. Shekara da shekaru da biro da rula da kalkuleta ake wannan aiki, kuma har gobe akwai inda haka ake yi. Sai dai sannu a hankali yana komawa kan kwamfuta, ko ta makaranta ko ta shagon buga takardu, kuma kusan ko'ina manhajar Excel ake buɗewa. Da zarar aikin ya yi yawa, akan sami wani matashi mai ido a harkar ya ce zai rubuta makro, a latsa maɓalli ɗaya komai ya cika da kansa. Hakan yana yiwuwa, kuma ci gaba ne. Amma hanya biyu ce ake bi a rubuta irin wannan makro, kuma ko da yake a fuskar kwamfuta sakamakonsu iri ɗaya ne, ɗaya tana barin lissafi a fili, ɗaya tana binne shi. Ra'ayina shi ne duk inda lissafin ya shafi haƙƙin wani, makin ɗalibi ne ko bashin taki ko albashi, to makro ya rubuta fomula a cikin gurbi, kada ya ajiye lamba tsurarta.

Jadawalin Excel kamar filin dara yake, gurabe ne jere a tsaye da kwance, sai dai kowane gurbi yana da suna. Layukan tsaye haruffa ne, A da B da C, na kwance kuma lambobi, saboda haka gurbin da ke mahaɗar layin B da layi na 2 sunansa B2. Ana iya zuba wa gurbi rubutu ko lamba, ana kuma iya zuba masa fomula, wadda umarnin lissafi ce da ke farawa da alamar daidai. A ɗauka sunan ɗalibi yana A2, gwaji na farko yana B2, na biyu yana C2, jarrabawa tana D2. Idan aka rubuta =SUM(B2:D2) a gurbin E2, abin da ido zai gani shi ne jimillar, a ce 67, amma abin da ke zaune a gurbin shi ne umarnin cewa a tara abin da ke B2 zuwa D2. In malamin lissafi ya dawo ya ce ya yi kuskure, 14 yaron ya ci a gwaji ba 4 ba, ana gyara gurbi ɗaya jimilla za ta koma 77 nan take. Wannan dabara ce ta sa jadawalin kwamfuta ya karɓu tun daga VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 a kan kwamfutar Apple II, zuwa Lotus 1-2-3 a 1983, zuwa Excel da kamfanin Microsoft ya fara sayarwa a 1985. Shi kuwa makro jerin umarni ne da ake ajiyewa a cikin fayil, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yaron shago yake bin abin da maigida ya lissafa masa. Tun daga Excel na 5 a 1993, da harshen VBA ake rubuta shi.

Abin da ke kawo buƙatar makro shi ne maimaici. A ƙaddara makaranta tana da aji shida, daga ƙaramar sakandare ɗaya zuwa babbar sakandare uku, kowane aji ya kasu uku, kowanne da ɗalibai 60 da darasi goma. Shafuka 180 ke nan, kowane shafi yana neman jimilla da daraja da matsayi ga mutum 60, wanda ya kama gurabe 32,400 da za a cika, sau uku a shekara. Hannun ɗan Adam ba ya yin wannan ba tare da ya zame a wani wuri ba. Makro kuwa layi ɗaya ya ishe shi jimillar aji guda: Range("E2:E61").Formula = "=SUM(B2:D2)". Ma'anarsa, a ɗauki gurabe daga E2 zuwa E61 a rubuta musu wannan fomula. Ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba, domin Excel da kansa yake sauya lambar layi, na uku ya sami B3 zuwa D3, na sittin da ɗaya ya sami B61 zuwa D61. Hanya ta biyu ita ce makro ya yi taran a cikin cikinsa, ya miƙo 67 kawai ya ajiye a E2 ta hanyar umarnin Value. A takardar da aka buga babu mai iya bambance su. Bambancin yana bayyana ranar da aka gyara makin wani yaro, jimillarsa ta tsaya cak a 67 saboda lamba ce matacciya, ko ranar da uba ya zo ofishin shugaban makaranta yana tambayar yadda aka yi ɗansa ya zo na talatin, aka latsa gurbin ba a ga komai ba sai lambar da ake gardama a kanta.

Wannan tambaya ta uba ita ce zuciyar maganar. Fomula shaida ce da ke zaune a wurin da aka yi aikin. Duk malamin da ya iya karanta =SUM(B2:D2) zai iya cewa an tara daidai ko an tsallake gwaji na biyu, ko da bai taɓa buɗe tagar VBA ba, kuma masu iya karanta fomula sun ninka masu iya karanta makro nesa ba kusa ba. Duniya ta ga amfanin wannan a babban mataki. A 2010 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya ce ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, tattalin arzikinsu ja da baya yake yi da kashi 0.1 cikin ɗari, kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya nemi ainihin jadawalin nasu suka ba shi. Da ya latsa gurbin matsakaicin lissafi sai ya ga fomular ta tsaya a layi na 44 maimakon na 49, ta bar ƙasashe biyar a waje, ciki har da Ostireliya da Kanada da Beljiyam. Da aka gyara wannan tare da wasu matsaloli na yadda aka zaɓi alƙaluma aka kuma auna su, sai lissafin ya koma bunƙasa ta kashi 2.2. Wani zai ce ai wannan labari laifin fomula yake nunawa. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne an kama kuskuren ne saboda fomular tana nan ana ganinta. Da lambobi tsurarsu aka miƙa masa, da sai dai ya ce nasa lissafin bai zo daidai da nasu ba, ya rasa inda zai nuna da yatsa.

Akwai kuma dalilin da ya fi kusa da mu, wato na'urar da ke hannun mutane. Malamai da ma'aikatan lafiya da sakatarorin ƙungiyoyin manoma a Kankiya da Kusada waya suka fi riƙewa, ba kwamfuta ba, kuma ta WhatsApp fayil yake yawo. Excel na waya ba ya tafiyar da makron VBA, haka ma wanda ake buɗewa ta intanet, amma dukansu suna lissafa fomula. Saboda haka in makro ya gama aikinsa a kwamfuta ɗaya ta ofis ya bar fomuloli a gurabensu, ana iya ajiye fayil ɗin a matsayin xlsx, wanda ba ya ɗauke da makro sam, a tura wa malamin aji ya gyara makin yaro biyu a wayarsa yana zaune a gida, jimilla da matsayi su daidaita da kansu. In kuwa lambobi makron ya zuba, kowane ƙaramin gyara sai an koma wurin waccan kwamfutar, an jira wuta ko an sayi man janareta, an kuma jira wanda ya rubuta makron in shi kaɗai ya san inda ake latsawa. Sau da yawa irin wannan mutum ɗan bautar ƙasa ne da zai kwashe kayansa bayan shekara guda, ko ma'aikacin da za a yi wa canjin wurin aiki. Abin da ya rubuta da fomula zai ci gaba da aiki bayan tafiyarsa, ko da makron ya lalace ko an manta yadda ake tayar da shi.

Wanda zai koyi wannan aiki yana da 'yan wuraren tuntuɓe, kuma gara a san su tun wuri. Na farko shi ne alamar dala. Wajen fitar da matsayi, ana gwada jimillar kowane yaro da ta aji gaba ɗaya, kamar haka: =RANK(E2,$E$2:$E$61). Dalar nan turke ce, tana ɗaure jerin ajin kada ya motsa yayin da fomula take gangarowa. In aka manta da ita, yaro na biyu za a gwada shi da E3 zuwa E62, na uku da E4 zuwa E63, ana sauka ana zubar da na sama, har a wayi gari aji ɗaya yana da na ɗaya mutum uku ko huɗu, Excel kuma ba zai yi ƙorafi ba domin a wurinsa babu doka da aka karya. Na biyu shi ne tsawon aji. Makron da aka tsayar a layi na 61 zai bar yaro na sittin da ɗaya a waje ranar da aka kawo sabon ɗalibi, irin kuskuren Harvard ke nan sak. Maganinsa shi ne makron ya fara gano layi na ƙarshe da ke da suna, ya ɗinka lambar a jikin fomula da alamar &, maimakon a rubuta ta da hannu. Na uku shi ne alamar zance. Tunda fomular kanta a cikin alamar zance ake miƙa ta ga VBA, duk wata kalma da ke cikinta sai an ninka mata alamar, misali "=IF(E2>=40,""Ya ci"",""Saura"")". Mantuwa da wannan ita ce ta fi jawo jan rubutu da saƙon kuskure ga sabon shiga. Wanda kuma ya yi amfani da na'urar naɗar makro ta Excel zai ga ta rubuta masa wani abu kamar RC[-3], kada ya firgita, wani salon kiran gurbi ne da ke nufin wannan layin, gurbi uku zuwa hagu.

Akwai wata matsala da ta keɓanci mai rubutun Hausa. Gurbin Excel yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, amma tagar da ake rubuta VBA a ciki tsohuwa ce, ba ta san su ba. In ka liƙa mata "Ya faɗi", sai ta mayar da ɗ alamar tambaya. Ana iya kewayewa ta hanyar kiran harafin da lambarsa, ChrW(599) shi ne ɗ, 409 shi ne ƙ, 595 shi ne ɓ, amma hanya mafi tsabta ita ce a rubuta kalmomin a wasu gurabe a gefe, fomula ta riƙa nuna su. Wannan ɗabi'a tana da amfanin da ya wuce haruffa. Makin cin jarrabawa, da iyakokin daraja irin na WAEC inda A1 ke farawa daga 75, C6 daga 50, F9 kuma ya zama duk abin da ya gaza 40, bai kamata a binne su a cikin makro ko a tsakiyar fomula ba. A ba su ɗan teburinsu a fili, ta yadda in hukumar makaranta ta sauya ƙa'ida, gurbi ɗaya za a taɓa kuma kowa zai ga abin da aka sauya. Haka farashin buhun taki a jadawalin ƙungiyar manoma, ko yawan tiyar da ake lissafawa a buhu ɗaya. Wani ƙarin alheri kuma, umarnin Formula da sunayen Ingilishi da waƙafi yake aiki kowane irin Excel ne a kwamfutar, don haka makron da aka rubuta a Kankiya zai yi aiki a Maraɗi, inda Excel na Faransanci zai nuna fomular a matsayin SOMME ba tare da an sake komai ba.

Masu suka suna da maganganu masu nauyi, kuma ba duka ne za a ture ba. Akwai mai cewa aji ɗaya ba ya buƙatar makro, a rubuta fomula sau ɗaya a ja ta ƙasa, ko a mayar da jerin ya zama tebur na Excel wanda ke cika fomula da kansa duk lokacin da aka ƙara layi. Gaskiya ne, kuma wanda aikinsa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba ya tsaya nan, kada ya ɗora wa kansa abin da ba ya buƙata. Makro yana biyan wahalarsa ne inda shafuka suka yi yawa kuma aikin yake dawowa kowane zango ko kowane wata. Akwai mai cewa fomula tana da sauƙin ɓatawa, kowa zai iya latsa gurbi ya rubuta 85 a kanta. Wannan ma gaskiya ne, sai dai lambar da makro ya ajiye ita ma haka ake sauya ta, kuma a can babu wata alama da za ta rage, alhali lamba ɗaya a tsakiyar fomuloli sittin tana tona kanta da zarar an latsa maɓallin nuna fomuloli. Ban da haka makron da ya rubuta fomula yana iya kulle gurabenta ya bar na shigar da maki kaɗai a buɗe. Kullen ba ya hana ƙwararren mai mugun nufi, amma yana tare kuskuren hannu, wanda shi ne ya fi yawa. Batun cewa fomuloli suna nauyaya tsohuwar kwamfuta kuwa, ya shafi fayil mai layi dubu ɗaruruwa ne, aji mai mutum 60 ko ƙungiya mai mamba 500 ba su kai nan ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. Makro umarni ne da kwamfuta take bi ba tambaya, kuma ɓarayin intanet sun daɗe suna ɓoye cuta a cikinsa. Cutar Melissa da ta bazu ta imel a watan Maris na 1999 makro ce a cikin takardar Word. Shi ya sa tun 2007 Microsoft ya ware wa fayil mai makro sunansa daban, xlsm, kuma tun 2022 Office yake toshe makron duk fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet sai an buɗe shi da gangan. A wurin da filas ɗaya yake zagaya kwamfutoci goma na shagunan buga takardu, wannan tsoro yana kan hanya. Amma in aka duba, hujja ce da ke goyon bayan abin da nake faɗa. Tsarin da makro yake lissafi ya ajiye lamba yana tilasta wa kowa ya riƙa karɓar fayil mai makro yana latsa amincewa, har abin ya zame masa jiki, ranar da mugun fayil ya zo ma ya latsa. Tsarin da makro yake rubuta fomula kuwa yana barin makron a kwamfuta ɗaya, hannun mutum ɗaya ko biyu, abin da ke fita waje fayil ne mara makro da kowa zai buɗe hankali kwance.

Inda na yarda a daskarar da lamba shi ne bayan an gama. Sakamakon da shugaban makaranta ya sa wa hannu, ko lissafin watan da aka rufe, bai kamata ya ci gaba da motsi ba, don haka a fitar da kwafinsa a PDF ko a mayar da fomulolin kwafin lambobi, a ajiye na asali mai fomula a gefe saboda ranar da za a yi tambaya. Tsarin aikin ne ke da muhimmanci: lissafi a fili tukuna, dubawa, sannan rufewa. Dubawar ma ana iya sa makron ya gina ta. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙidaya ba, saboda tsarin da ke tattara sakamakon da kansa yana amfani da tsohon nau'in fayil na xls wanda ba ya wuce layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba tare da wani ya lura ba na tsawon kwanaki. Garin da ke da makarantar koyon aikin lafiya kamar Kankiya, wadda ɗalibanta za su fita su riƙa cika rahoton wata-wata na rigakafi da awon ciki a asibitocin karkara, ya dace wannan labari ya shiga kunnen masu koyo. Abin da zai kama irin wannan ɓarna a jadawalin makaranta ko na asibiti ƙarami ne: makron ya ƙara fomula ɗaya a saman shafi da ke ƙirga sunaye nawa ne a layin A, wata ta ƙirga jimilla nawa ce a layin E, ta uku ta gwada su ta rubuta gargaɗi da jan launi in sun saɓa. In rajistar aji ta ce 61 gurbin ya ce 60, malamin aji zai gani tun kafin a kai takardar wurin bugawa.